Wane Ruwa Zan Zuba wa Kifin Ado? Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kiwo a Kano

Na kai shekaru ina kiwon kifin ado a akwatin gilashi a nan cikin Kano. Duk baƙon da ya shigo falo ya tsaya kallonsu, abin da yake fara tambaya shi ne, "Malam, me suke ci?" Har yau ban ga wanda ya fara da tambayar ruwan da suke ciki ba. Amma cikin kifayen da suka mutu a hannuna, da waɗanda aka kira ni gidajen abokai na tarar sun yi rigingine a saman ruwa, ban tuna ko ɗaya da yunwa ta kashe ba. In ka bi diddigi, kusan kullum a ruwa za ka tsaya. Mu kuma a garin nan tamu matsalar daban ce: gida ɗaya zai sha ruwan famfo yau, na ɗan garuwa gobe, jibi na burtsatsen maƙwabci, alhali ba abin da ke wahalar da kifi kamar a riƙa sauya masa ruwa haka. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Ruwan gidanmu garau yake, mu ma shi muke sha. Me zai hana kifi zama a ciki?

Kai kofi kake ɗiba ka sha ka ajiye. Shi kuwa da ruwan yake numfashi dare da rana, a ciki yake ci, a ciki yake kashi. In ka sayi ɗanyen kifi, ɗaga murfin kumatunsa ka ga jan abin nan mai kamar haƙoran mataji. Da shi yake zuƙar iska daga ruwa, kuma fatar wurin siririya ce ƙwarai, duk abin da ya narke a ruwa kai tsaye yake taɓa jininsa. Kulorin da ake so ya rage a ruwan sha, wajen miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, kai yana kare ka daga amai da gudawa, shi kuma yana ƙona masa wannan jan naman. Kulorin, da amoniya da naitirayit (gubar da ke samuwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci), duk ba su da launi. Ruwa zai iya zama tas kamar hawaye kifi yana mutuwa a ciki.

Zan iya amfani da ruwan famfo?

Ƙwarai, in unguwarku tana samu. Ruwan famfon Kano daga matatun Challawa da Tamburawa yake fitowa galibi, su kuma kogin Challawa da kogin Kano suke ɗiba, waɗanda madatsar Challawa Gorge ta wajen Ƙaraye da madatsar Tiga suke ciyarwa. Ruwan kogi ne da aka kwantar da lakarsa, aka tace, aka sa masa kulorin. Aikinka shi ne cire kulorin ɗin. Ka tara a buɗaɗɗen duro ya kwana biyu, in da hali ka jefa masa tiyon iska yana ɓulɓulowa, kulorin zai tashi da kansa. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne maganin kashe kulorin na ruwa-ruwa da masu sayar da kifin ado suke da shi, irin su Seachem Prime ko Tetra AquaSafe, domin yana aiki cikin mintuna, kuma yana maganin wani nau'i da ake kira kuloramin wanda ajiye ruwa ba ya korar sa.

In famfo ya daɗe bai zo ba sannan ya kawo, ruwan farko ja-ja yake fitowa da tsatsar bututu. Ka bar wannan ga shara da wanki.

Mu burtsatse gare mu. Ai ba kulorin, ko?

Galibi babu, shi ya sa nake ganin mai burtsatse a gida ya fi kowa sa'a a wannan kiwon, tunda ruwansa ɗaya ne rani da damina. Sai dai kada ka ɗebo daga bakin famfo ka juye wa kifi. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, iskar kabon ta yi masa yawa, shi ya sa in ka gwada pH ɗinsa (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) yanzu ka sake gwadawa gobe bayan ya sha iska, za ka ga lambar ta hau. Ta goben ita ce ta gaskiya. Wata burtsatsen kuma tana da ƙarfe a ruwanta: ka tara shi fari, ka wayi gari ya yi ruwan ɗorawa, gindin bokiti ya yi ja. Irin wannan ka bar shi ya kwanta, ka ɗebi na sama.

Abu biyu nake ƙara jan kunne a kai. Na farko tankin sama. Baƙin tankin roba da ya wuni a rana cikin Afrilu, ruwansa da la'asar sai ka ce an ɗora a wuta. Na biyu, da damina idan aka fara jin labarin amai da gudawa, masu gida da jami'an lafiya kan zuba kulorin a tankuna da rijiyoyi. Abu ne mai kyau ga mutane. Kai dai in gidan haya kake, roƙi mai kula da tankin ya riƙa gaya maka ranar da ya zuba.

Rijiyar tsakar gida fa?

A nan sai na ga sakamakon gwaji kafin in ce e. A unguwannin da gidaje suka cushe, cikin gari da kewayensa, da wuya rijiya ta yi nisa da masai ko sokawe, naka ko na maƙwabci. Abin da ke tsiyayewa daga can yana shigowa a matsayin naitiret (sinadarin da ruɓewar kashi ke bari a ruwa), wani lokaci har da amoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a lita ga ruwan sha, mu kuwa masu kifi muna son na cikin akwati ya tsaya ƙasa da 40, in ya yiwu wajen 20. In rijiyarka da 60 take zuwa, canjin ruwan da kake yi don rage datti ƙara shi yake. Kuma rijiya tana sauya hali: abin da ka gwada a Maris ba shi za ka samu a Agusta ba, lokacin da ruwa ya taso har kana iya ɗiba da gajeren guga.

Mu sai ɗan garuwa. Yaya zan yi?

Yawancinmu ke nan, ni ma na yi shekaru a haka. Ɗan garuwa ba makiyin kifi ba ne, amma shi inda layi ya fi gajarta yake zuwa. Yau ya ɗebo a burtsatsen bakin titi, gobe injinsu ya lalace ya tafi wata unguwa, jibi ya samu a rijiya. Jarkokin iri ɗaya, ruwan daban.

Sannan jarkar kanta. Rawayar jarkar nan mai lita 25 ba don ruwa aka fara yin ta ba, yawanci mai ta ɗauko. In man girki ne da sauƙi. Wata rana na dawo daga kasuwa a gajiye, na karɓi jarka biyu daga wani mai kura da ban saba da shi ba, na canza ruwa ban ko shinshina ba. Bayan isha'i na ga ƙananan kifina gupi sun taru a sama suna haki, na haska tocila a kaikaice, sai ga wani siririn maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a fuskar ruwan. Da na kai hanci bakin jarkar, kalanzir ne. Kafin asuba na kwashe goma sha ɗaya da cokali.

Tun ranar ga yadda nake yi. Na sayi jarkoki huɗu nawa na kaina, na ɗaura musu jan ƙyalle a hannu. Na tsayar da mutum ɗaya, na ce masa, "Don Allah Malam, waɗannan daga burtsatse kaza kawai, in ba su da ruwa ka dawo mini da su haka, zan biya ka wahalarka." Abin da ya kawo ina juyewa a duro guda da ba a taɓa shi don komai sai kifi, ya kwana biyu kafin ya shiga akwati. Duron ma a kula: shuɗin duron roba da ake sayarwa na hannu, da yawa kayan kamfani suka ɗauko, kuma roba tana riƙe abin da ta sha. In ba ka san me ya zauna a ciki ba, ƙara kuɗi ka sayi sabo.

To ba gara in huta in riƙa sayen fiya wata ba?

Yi lissafi tukuna. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, lita 54 yake ci. Canjin kashi ɗaya cikin huɗu wajen lita 13 ke nan, leda 26 ko 27, wato jaka ɗaya da kusan sulusi kowane mako, kana yaga leda da haƙori. Ga mai kifin beta guda ɗaya a ƙaramin akwati wannan ba komai ba ne. Ga babban akwati wahala ce.

Ban da haka, lambar NAFDAC da ke jikin leda shaida ce ta ruwan sha na ɗan Adam. Wani kamfanin burtsatse ce ya tace kawai, wani yana sa kulorin, wani kuma yana bi da ruwan ta injin da ke tsotse kusan duk ma'adinan ciki. Wannan na ƙarshen in aka zuba shi zalla, ba abin da zai riƙe pH, sai ya faɗi dare ɗaya. In za ka yi amfani da shi, ka tsaya a kamfani ɗaya, ka gwada shi, ka gauraya da na burtsatse.

Ruwan sama?

Yana da kyau ga kifayen da asalinsu ruwa marar ma'adini ne, amma da sharaɗi. Ruwan farkon damina wankin rufi ne: ƙurar rani gaba ɗaya, kashin tantabaru da na ƙadangaru, hayaƙin janareta. Bari sai damina ta zauna, wajen Yuli da Agusta, kuma ko a lokacin ka bar na mintunan farko ya zube. Kwanon rufi na da, mai rufin tutiya, yana sakin tutiyar a ruwa, ita kuma guba ce ga kifi. Shimfiɗa sabuwar leda a fili ka tara ya fi tarar indararo. Kada a zuba shi zalla, a haɗa shi rabi da rabi da ruwan da aka saba. Ka kuma tambayi kanka me za ka zuba musu a Fabrairu.

In na je Tiga ko Bagauda in ɗebo na can, tunda kifi a ciki yake rayuwa?

Karfasa da tarwaɗar can sun saba da ƙwayoyin cutar can, naka na gilashi ba su saba ba. Za ka ɗebo ƙwari da tsutsotsi da ragowar takin gonakin rani. Kududdufan cikin gari da Jakara da magudanan da suka ratso Sharaɗa da Bompai kuwa ba ma a maganarsu. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki: ba ma'adini, ga ƙura, ga ƙarfen da ya bi ta kai.

Na sayi sabon akwati, na zuba ruwa mai kyau, cikin mako biyu rabin kifin sun mutu. Mai shago ya cuce ni ne?

Wataƙila bai gaya maka abin da ya kamata ba, amma kifin lafiyarsu ƙalau ya ba ka. Ruwa ba ya tsami banza. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashi da kashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A tsohon akwati akwai bakteriya masu amfani da suka yi gida a soson filta da tsakuwa. Wani rukuni yana mai da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar iska, wani rukunin kuma yana mai da naitirayit naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har ka zo ka rage shi da canjin ruwa. Sabon akwati ba shi da ko ɗaya. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, sai an yi mako 4 zuwa 6.

Dabarar ita ce ta mai yin kindirmo, wadda ke ɗiga tsohon nono a sabuwar madara. Je wurin wanda akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya, ka roƙi guntun tsohon soson filtarsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda ka sa a taka filtar. Sannan ka fara da kifi uku ko huɗu, abinci ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, wanda za su cinye cikin minti biyu. Sai gwaji ya nuna amoniya sifili, naitirayit sifili, sannan ka ƙaro wasu. Yara za su dame ka da cewa akwatin ba kowa. Ka daure.

Sau nawa zan wanke akwatin?

Kalmar wankin nan ita ke jawo ɓarna. Na sha zuwa gida na tarar Hajiya ta sa an kwashe kifi a roba, an juye ruwa duka, an dirje gilashi da omo, an wanke tsakuwa an shanya a rana, an zuba sabon ruwa. Tsabta ce ta sa, amma an kashe bakteriyar nan gaba ɗaya, akwati ya koma sabo, ga sauran sabulu a kusurwa.

Abin da ake so: kowane mako a zuƙe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari da tiyo, ana caccaka bakin tiyon cikin tsakuwa don ya ja dattin ƙasa, kifi suna ciki abinsu. A mayar da ruwan duro a hankali, bayan an taɓa an ji zafinsu ya yi kusa. Soson filta a matse shi cikin tsohon ruwan da aka zuƙe, sau ɗaya a wata ya isa. Bokiti da soso da tiyon kifi a ware su, a gaya wa duk mutanen gida.

Cikawa kuma ba canji ba ne. Da rani ruwa yana tashi da sauri, amma ruwan kaɗai ke tafiya, gishirin ciki da naitiret suna nan suna taruwa. Wanda ya yi wata uku yana cikawa kawai, ranar da ya yi babban canji sai kifin su gigice.

Mene ne pH da ake ta faɗa, kuma nawa ya kamata nawa ya zama?

Ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Bakwai tsakiya, ƙasa da haka ɓangaren tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Yawancin ƙananan kifin da ake kawo mana suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 7.5. Abokin tafiyarsa shi ne nauyin ruwa, wato yawan ma'adinan da suka narke a ciki. Ko ba kayan gwaji ka san ruwa mai nauyi: sabulu ba ya kumfa da kyau, gindin butar shayi yana yin farin ɓawo.

Gupi, moli da pilati suna son ruwa mai ɗan nauyi. Sikilid na tafkin Malawi sun fi su, pH wajen 8 suke so. Diskus da tetira masu kyalli daga kogunan Amazon suke, inda ruwa ba nauyi kuma yana da ɗan tsami. Kiribensis namu ne na kudancin Nijeriya, ƙurungu ma ɗan gida ne, dukkansu ba su da tsirfa. Shawarata ka gwada ruwan da kake samu cikin sauƙi duk shekara, ka zaɓi kifin da ya dace da shi. Kifin da ya saba da 7.8 kullum ya fi lafiya a kan wanda ake jan sa daga 7.8 zuwa 6.8 duk Asabar da magani.

Zan iya gyara shi da kanwa? Ko in kwantar da laka da alimun?

A'a, duka biyun. Kanwa tana cilla pH sama farat ɗaya, kuma kowane dunƙule da ƙarfinsa. Ga wani haɗari: duk hawan pH da lamba ɗaya, kason amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau goma. Alimun kuwa yana jan ruwa zuwa tsami. In ruwanka ba nauyi kuma pH yana faɗuwa, nemi dakakken dutsen laimiston ko ɓawon katantanwar teku da masu haɗa abincin kajin ƙwai suke sayarwa, ka wanke cikin tafin hannu ɗaya, ka ƙulle a tsumman raga ka sa cikin filta. A hankali yake narkewa. Dutsen ado kuma kafin ka jefa shi, ɗiga masa ruwan kal: in ya yi kumfa zai ƙara wa ruwa nauyi. Tsakuwar gini ta dutsen kwari ba ta yin komai, wanki kawai take so.

Kano garin zafi ne. Me zan yi da hita?

Ka manta da Disamba da Janairu ke nan. Waɗannan kifayen digiri 24 zuwa 28 suke so. Da hunturu dare kan sauko ƙasa da 15 a waje, ƙaramin akwati kusa da taga yana bin sa. Bayan kwana kaɗan sai ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a dutse. Sanyin ne ya raunana su cutar ta samu ƙofa. Hita mai kashe kanta, wajen wat ɗaya ga kowace lita, ita ce magani. In ba wuta, a rufe akwatin da bargo tun magariba, a jingina masa gorar ruwan ɗumi.

Afrilu da Mayu kuma akasin haka. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 bai fi 7.5 ba, alhali a zafi kifi ya fi buƙatarsa. Buɗe murfi, ka saita ƙaramar fanka tana busa fuskar ruwan. Da yake iskarmu busasshiya ce, wannan kaɗai yana sauke digiri biyu ko uku. Kada a juye ƙanƙara ciki. Golfish dai ba ɗan ƙasar zafi ba ne, shi ya fi kowa shan wuya a watannin nan.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Bakteriyar filta iska suke shaƙa. Filtar da take a rufe in ta yi sa'o'i a tsaye sai ta fara ruɓa, wuta na dawowa ta watsa wa kifi ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta wuni a kashe, cire ta daga soket, ka ɗauraye soson da ruwan akwati kafin ka mayar. Don haka na koma filtar soso mai aiki da iska, da ɗan injin iska da ake jonawa a fawa bank ɗin waya. Yana kwana yana aiki. Ranar da ba wuta kuma kada a ba su abinci, kifi lafiyayye yana kwana biyu ko uku ba ci ba abin da zai same shi.

Ban canza komai ba, na wayi gari duk sun mutu.

Tambayi wanda ya fesa maganin sauro jiya da dare. Na gwangwani, na kunnawa, da fiya-fiya, abin da ke kashe sauro a cikinsu yana kashe kifi da ɗan mitsitsin da ba za ka zata ba, kuma injin iska yana zuƙo shi ya tura cikin ruwa. In za a fesa, a kashe injin, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗaki ya sha iska a buɗe. Kaskon turaren wuta ma a nisanta shi. Mai sa hannu a ruwa ya ɗauraye man shafawa da turare tukuna, ba da sabulu ba.

An ce in riƙa zuba gishiri.

Magani ne na ɗan lokaci, yana taimakawa idan naitirayit ya hau. Ba abin zubawa kullum ba ne, kuma tsirrai da kifaye marasa ɓawo ba sa son sa.

Wane kayan gwaji zan saya?

Ma'aunin zafi tukuna, shi ya fi araha. Sai gwajin ɗigo na amoniya, naitirayit, naitiret da pH, irin kwalin kamfanin API da ke haɗa huɗun. Na takarda da ake tsomawa ya fi sauƙin kuɗi, amma zafi da danshi suna lalata shi. In ba ka samu a gari ba ana aikowa daga Legas. Ƙaramin alƙalamin TDS kuma, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ko da yake ba ya faɗin me ke cikin ruwa, yana tona asirin jarka: in kullum lambarta kusa take, yau ta ninka, daga wani wuri aka ɗebo.

Ruwan ya koma kore. Ya lalace ne?

Gansakuka ce, rana da yawan abinci suka kawo ta. Ba ta kashe kifi, kai ne ba ka ganinsu. Janye akwatin daga taga, ka rage fitila zuwa awa 6 ko 8. In kuwa fari ya yi kamar an ɗiga madara, a sabon akwati bakteriya ce ke yaɗuwa, tana washewa da kanta cikin kwanaki in an rage abinci.

Tsohon ruwan da na zuƙe, in zubar a kwata?

Asara. Naitiret ɗin da kifi ba ya so taki ne. Ni zogalen tsakar gida da tukwanen na'ana'a nake bai wa, sai dai in na sa gishiri ko magani a makon, shi ne yake tafiya kwata.